Emil Fischer

Hermann Emil Louis Fischer (9 ga Oktoba, 1852 – 15 ga Yuli, 1919) Bajamushe ne masanin ilimin sinadarai, wanda ya samu lambar yabo ta Nobel a shekarar 1902 saboda aikinsa a kan sukari da kuma dangin sinadaran da ake kira furin. Shi ne ya gano yadda ƙwayoyin zarra suke jere a cikin gulukos da 'yan'uwansa, ya kuma ƙirƙiro hanyar zana su a takarda wadda ɗalibai ke koyo har yau. A shekarar 1893 ya nuna yadda ake ɗaura sukari a jikin alkohol. Wannan hanya, wadda ke ɗauke da sunansa, ita ce tushen sinadaran wanki da ake haɗawa daga sitaci da man tsirrai, waɗanda ba su shiga kasuwa sosai ba sai bayan kusan shekara ɗari. Shi kansa ba don sabulu ya yi binciken ba. Abin da ya dame shi shi ne siffa: ta yaya abubuwa biyu da aka gina da kaya iri ɗaya suke bambanta a ɗabi'a don kawai wani sashe nasu ya fuskanci dama ko hagu.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Fischer a Euskirchen, wani ƙaramin gari kusa da birnin Cologne a yammacin Jamus. Mahaifinsa Laurenz Fischer ɗan kasuwa ne mai abin hannunsa, sunan mahaifiyarsa kuma Julie Poensgen. Shi kaɗai ne ɗa namiji da ya rayu a gidan, tare da 'yan'uwa mata biyar, don haka tun yana yaro aka sa ran shi zai gaji kasuwancin. Ya yi makaranta a Wetzlar da Bonn, ya kammala a shekarar 1869 da sakamako mai kyau ƙwarai.

Daga nan aka tura shi koyon cinikin katako. Abin bai karɓe shi ba. Labarin da ya shahara shi ne mahaifin ya yanke hukunci cewa yaron ba shi da wayon da zai yi kasuwanci, gara a bar shi ya je ya yi karatu. A shekarar 1871 ya shiga Jami'ar Bonn, inda ya saurari darussan August Kekulé. Da an bar shi da son ransa da ilimin fiziks ya karanta. A 1872 ya koma sabuwar jami'ar da Jamus ta buɗe a Strasbourg bayan ta ƙwace garin daga Faransa, tare da ɗan'uwansa Otto Fischer, wanda shi ma ya zama masanin sinadarai. A can ne ya haɗu da Adolf von Baeyer, malamin da ya karkata shi ga ilimin sinadarai gaba ɗaya. Ya samu digirin digirgir a 1874 da bincike a kan wasu sinadaran rini.

A shekarar 1875 ya gano wani sinadari mai suna fenilhaidrazin. A lokacin ba wanda ya ga wani babban amfani a tare da shi. Shekara tara bayan haka ya zama babban makaminsa wajen binciken sukari, kuma shi ne ya riƙa lalata masa lafiya a hankali, domin guba ne, ga shi ya shafe shekaru yana shaƙarsa yana taɓa shi.

A wannan shekara ta 1875 ya bi Baeyer zuwa Munich. Shi da Otto sun warware tsarin rinin nan mai launin ja da ake kira fuksin a 1878, aikin da masana'antun rini na Jamus suka amfana da shi. Ya zama farfesa a Erlangen a 1882. Kamfanin BASF ya nemi ya zo ya shugabanci ɗakin bincikensa a 1883, ya ƙi, tunda dukiyar mahaifinsa ta riga ta raba shi da neman albashi mai tsoka. A 1885 ya koma Würzburg, inda ya yi mafi yawan aikin da ya fitar da sunansa.

Binciken sukari

Lokacin da Fischer ya fara duba sukari a 1884, fagen a dagule yake. Masana sun san gulukos, da furuktos na zuma da 'ya'yan itace, da galaktos na madara, sun kuma san cewa dukkansu kabon 6 ne da haidurojin 12 da oksijin 6. Amma ba su san abin da ya bambanta su ba, kuma raba su aiki ne mai wuya, saboda idan aka ƙafe ruwansu sai a sami wani abu mai danƙo kamar maɗi maimakon ƙwayoyi masu tsabta. Fischer ya ga cewa idan aka haɗa sukari da fenilhaidrazin, ana samun wasu ƙwayoyi masu launin ɗorawa da ya kira osazon, waɗanda ake iya tacewa, a auna zafin da suke narkewa, a gane daga wane sukari suka fito. Sai kuma ya lura da wani abu: gulukos da furuktos da manos duk osazon ɗaya suke bayarwa. Ma'anar wannan ita ce jikinsu ɗaya ne daga kabon na uku zuwa na shida, bambancin yana kan biyun farko ne kawai.

Don ya fassara abin da yake gani, ya ɗauko ra'ayin da Jacobus van 't Hoff da Joseph Le Bel suka kawo a 1874. Ra'ayin shi ne, idan kabon ɗaya na riƙe da abubuwa huɗu mabambanta, ana iya jera su ta hanya biyu, ɗaya tamkar hoton ɗayar a madubi, kamar tafin hannun dama da na hagu. Gulukos na da irin wannan kabon guda huɗu a siffarsa ta miƙe. Biyu sau biyu sau biyu sau biyu ya ba da 16, wato akwai sukari 16 masu tsari ɗaya da jeri dabam-dabam, kuma gulukos ɗaya ne daga cikinsu. Tambayar ita ce wanne.

Ba shi da wata na'ura da za ta nuna masa ƙwayar sinadari. Abin da yake da shi shi ne ma'aunin zafi, da na'urar da ke auna yadda ruwan sukari ke karkata haske, da kuma tunani. Yakan ƙara wa sarƙar sukari kabon ɗaya ta hanyar da Heinrich Kiliani ya fara, ko ya mai da bakunan biyu na sarƙar su zama iri ɗaya, ya duba ko abin da ya samu yana karkata haske ko baya yi. Kowane sakamako yana kore wasu daga cikin 16 ɗin. A 1890 ya haɗa gulukos da furuktos da manos a ɗakin bincike, yana farawa daga gilisarin. A 1891 ya buga jerin gulukos, tare da hanyar zanen da ake kira da sunansa: sarƙar kabon a tsaye, abubuwan da ke rataye da ita kuma dama da hagu. Har yau ana koyar da wannan hujja tasa a jami'o'i, kuma ta cancanci hakan, domin kusan duk lissafi ne na hankali da aka ɗora a kan gwaji kaɗan masu tsabta.

Abu ɗaya ne ba yadda za a yi ya tabbatar a zamaninsa, wato cikin siffofi biyu na madubi wacce ce ta gulukos ɗin da ke cikin tsirrai. Sai ya zaɓi ɗaya kawai don a samu abin tafiya a kai. A 1951 Johannes Bijvoet a Utrecht ta ƙasar Holan ya gwada da hasken eksire, aka ga zaɓin Fischer ya dace, ba a sake zanen littattafai ba.

Sunayen da ya raɗa wa sababbin sukarin da ya haɗa suna da ban sha'awa ga mai nazarin harshe. Bai nemo su daga Girkanci ko Latin ba, juya haruffa ya yi. Daga gulukos ya fitar da gulos, daga zailos aka samu laikzos. A 1891 shi da Oskar Piloty suka haɗa wani sukari mai kabon 5, aka gina sunansa ribos daga haruffan arabinos. Shi kuma arabinos ya samo sunansa ne daga ƙaro, wanda Turawa ke dangantawa da Larabawa, wanda kuma ake ɗebowa a Sudan da Chadi da arewacin Najeriya. Wannan ribos ɗin shi ne harafin farko na sunan RNA.

Ɗaura sukari a jikin alkohol

A ilimin sinadarai alkohol ba barasar sha kaɗai ba ce. Suna ne na dangi guda, daga metanol mai kabon ɗaya har zuwa masu doguwar sarƙa da ake samu daga mai, waɗanda suke kama da kakin zuma. A 1893 Fischer ya narkar da gulukos a cikin metanol, ya sa masa asid, sai ƙwayar ruwa ɗaya ta fita, sukarin ya manne da alkohol ɗin ta kabon na farko. Abin da ya samu shi ake kira gulukosid. Irin wannan ɗauri ya cika tsirrai, kuma Arthur Michael ya taɓa haɗa wani a 1879 ta hanya mai tsawo. Ta Fischer ta fi sauƙi nesa ba kusa ba: sukari, alkohol, asid, zafi.

Sai dai ɗaurin yana iya kasancewa ta fuska biyu. Sukarin yakan naɗe ya zama zobe, kuma alkohol ɗin na iya shiga ta ƙasan zoben ko ta ɗaya gefen. Fischer ya kira su alfa da beta. Shi ya fara ware na alfa, wani ɗan Holan mai suna Alberda van Ekenstein ya ware na beta a 1894. Fischer ya ɗauka zoben mai kusurwa biyar ne. Norman Haworth na Ingila ne ya nuna a shekarun 1920 cewa a irin waɗannan gulukosid kusurwa shida ce. Amma batun alfa da beta ya tsaya daram, kuma ba ƙaramin batu ba ne. Sitacin masara da zaren auduga duk gulukos ne da aka jera. Na farko ɗaurin alfa ne, na biyu na beta, shi ya sa cikin ɗan Adam ke narkar da tuwo amma ba ya narkar da auduga.

A 1894 ya gwada gulukosid ɗin nan biyu da enzayim guda biyu, wato sinadaran da jikin mai rai ke amfani da su wajen warware abinci. Wanda aka samo daga yisti ya kwance na alfa ya ƙyale na beta. Emulsin, wanda aka samo daga 'ya'yan almon, ya yi akasin haka. Daga nan ne ya kawo misalin kwaɗo da makulli: enzayim ba ya aiki sai siffarsa ta dace da siffar abin da zai buɗe. An gyara misalin daga baya, saboda an gano cewa shi kwaɗon ma yana ɗan lanƙwasawa, amma da shi ake fara koyar da darasin har yanzu.

A 1911 shi da ɗalibinsa Burckhardt Helferich suka ɗaura gulukos a jikin alkohol mai kabon 16. Sun lura cewa abin yana narkewa sau biyu: da farko ya yi laushi ba tare da ya zama ruwa garai-garai ba, sai an ƙara zafi sosai sannan ya washe. Friedrich Reinitzer ya taɓa ganin irin wannan a 1888 a wani sinadari dabam, Otto Lehmann kuma ya kira yanayin kiristal mai ruwa-ruwa, wato abu yana gudana amma ƙwayoyinsa na nan a jere. A 1938 Carl Noller da abokin aikinsa Rockwell a Amurka suka bi jerin gulukosid masu doguwar sarƙa, suka danganta narkewar nan biyu da wannan yanayi. Ana yawan ambaton aikin 1911 a matsayin karon farko da aka ga haka a sinadarin sukari mai jelar mai.

Yadda gulukosid masu jela ke yi a cikin ruwa

Gulukosid mai doguwar sarƙa abu ne mai fuska biyu. Kansa sukari ne, yana son ruwa. Jelarsa mai ce, tana gudun ruwa. Haka sabulu yake, haka duk sinadaran wanki suke. Bambancin shi ne kan sabulu yana ɗauke da cajin lantarki, shi ya sa yake dunƙulewa ya ƙi kumfa a ruwan rijiya mai yawan kalsiyam. Kan sukari ba shi da caji, don haka irin wannan ruwa bai cika damunsa ba.

Idan aka zuba ɗan kaɗan a ruwa, ƙwayoyin sukan taru a saman ruwan, kai a ciki, jela a waje, su sassauta ɗaurin da ke saman, shi ya sa ruwan ke jiƙa tufa da sauri. Idan aka ci gaba da ƙarawa, akwai wani mizani da in an kai shi sai sauran su haɗu gungu-gungu, jeloli a tsakiya, kawuna a waje. Wannan gungu shi ake kira misel, daga kalmar Latin mai nufin ɗan ɓarɓashi. James McBain ne ya kawo ra'ayin game da ruwan sabulu a 1913, Fischer na da rai. A cikin misel ne maiƙon kwano ko na riga yake ɓuya har a ɗauraye shi.

Mizanin ya dogara da tsawon jela. Ga gulukosid na beta mai kabon 8, wajen giram 7 ne a lita ɗaya ta ruwa. Duk kabon biyu da aka ƙara a jela, mizanin yana raguwa kusan ninki goma. Wani ɗan'uwansu mai kabon 12 da kan sukari biyu, wanda ake kira maltosid, bai kai kashi ɗaya cikin goma na giram a lita ba yake fara yin misel.

A nan ne bambancin alfa da beta yake sake fitowa. Gulukosid mai kabon 8 na beta yana narkewa a ruwan sanyi cikin sauƙi. Na alfa, wanda ba abin da ya raba su sai fuskar ɗauri ɗaya, ƙwayoyinsa sun fi matsuwa da juna idan ya daskare, don haka ba ya narkewa sosai sai an ɗumama ruwan. Zafin da sinadarin wanki ke buƙata kafin ya narke ya yi misel ana kiransa da sunan Friedrich Krafft na Heidelberg, wanda aka haifa shekara ɗaya da Fischer, ya kuma yi binciken sabulu a shekarun 1890.

Tsawon jela ma yana yin abin da mutum ba zai zata ba. Mai kabon 8 yana gauraya da ruwa ya zama abu ɗaya garai-garai. Mai kabon 10 na beta kuwa, ko da ruwan ya fi yawa nesa, yakan rabu gida biyu, ruwa biyu kwance ɗaya a kan ɗaya, guda mai yawan sinadarin, guda kusan ruwa zalla. Dalili shi ne kan gulukos ɗaya ya yi wa irin wannan jela ƙanƙanta, sai misel ɗin su daina zama dunƙule, su miƙe kamar zare, su sarƙe da juna, su ware kansu daga sauran ruwan. Idan aka ƙara girman kan da sukari na biyu, ko aka ɗiga ɗan sinadarin wanki mai caji wanda zai sa zaren su riƙa ture juna, rabuwar takan gushe. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne ga mai haɗa sabulun ruwa, domin ba wanda zai sayi kwalbar da ta rabu biyu a kan kanta. Idan kuma aka rage ruwan sosai, sai a shiga yanayin kiristal mai ruwa-ruwa, inda ƙwayoyin ke jeruwa sanda-sanda ko shimfiɗa-shimfiɗa, dangin abin da Fischer da Helferich suka hango a busasshen sinadari.

Akwai wani dangi na sinadaran wanki marasa caji da ake yi da etilin oksaid, wanda galibi daga man fetur yake fitowa. Su idan aka ɗumama ruwansu sai ya yi gajimare ya rabu, saboda kansu yana sakin ruwa da zafi. Kan sukari yana da hannaye da yawa na oksijin da haidurojin da ke riƙe ruwa gam, don haka zafi bai cika sauya halinsa ba. Wannan, da kuma rashin zafinsu ga fata da saurin ruɓewarsu a ƙasa, shi ya jawo hankalin masana'antu.

Amma an daɗe kafin a kai ga haka. Sai bayan wajen shekara 40 da aikin 1893 aka nemi rajistar amfani da su wajen wanki a Jamus, kuma ko bayan nan abin ya kwanta. Matsalar ta aiki ce: gulukos ba ya narkewa a alkohol mai maiƙo, kuma in ya ji zafi da asid sai ya ƙone ya yi baƙi kamar alewar da ta wuce wuta. Dole a zuba alkohol fiye da kima, a riƙa janye ruwan da ke fita, sannan a ƙafe ragowar alkohol ɗin ba tare da an ƙona kayan ba. Kamfanin Rohm and Haas ya fitar da wani nau'i a ƙarshen shekarun 1970. Kamfanin Henkel ya buɗe babbar masana'anta a Cincinnati ta Amurka a 1992, da wata a Düsseldorf a 1995. Gulukos ɗin daga sitacin masara ko alkama ko dankali yake, alkohol ɗin kuma daga man kwakwa ko alayyadi. Abin da ke fitowa gauraye ne na alfa da beta, wasu da kai ɗaya, wasu da biyu ko uku, kuma wannan gaurayar tana taimaka masa ya ƙi daskarewa. Su kuwa tsarkakakku, musamman maltosid mai kabon 12, masu bincike na amfani da su wajen ciro furotin daga fatar ƙwayar halitta ba tare da sun lalata shi ba.

Furin, furotin da sauran ayyuka

Tun a farkon shekarun 1880 yake nazarin kafeyin da tiyoburomin, waɗanda ke cikin gahawa da shayi da koko da goro, da kuma asid ɗin yurik na fitsari. Ya nuna duk gida ɗaya suka fito, ya raɗa wa uwar gidan suna furin a 1884 daga kalmomin Latin biyu masu nufin tsarki da fitsari, ya kuma haɗa ta a 1898. Lambar Nobel da ya karɓa a 1902 ita ce ta biyu a fannin, bayan ta van 't Hoff.

Daga 1899 ya juya ga furotin. Ya tabbatar da irin ɗaurin da ke haɗa amino asid, ya kawo kalmar feftaid, ya kuma gano wasu amino asid a cikin furotin, har da furolin. A 1901 shi da Ernest Fourneau suka haɗa guda biyu, a 1907 ya kai sarƙa mai 18. Tare da likita Josef von Mering ya fitar da maganin barci da aka sayar da sunan Veronal daga farkon ƙarni na 20, wanda ya buɗe ƙofar wani dangin magunguna masu amfani kuma masu haɗari. A shekarunsa na ƙarshe ya yi aiki a kan tanin, sinadarin da ke sa bagaruwa da ire-irenta jeme fata.

Berlin da yaƙi

A 1892 aka kira shi Berlin ya gaji kujerar August Wilhelm von Hofmann. Ya sa sharaɗin a gina masa sabuwar cibiya, aka buɗe ta a 1900. Ɗaruruwan masu bincike daga ƙasashe da dama sun bi ta hannunsa, cikinsu akwai Otto Diels da Otto Warburg da Adolf Windaus, waɗanda duk suka samu Nobel daga baya. An san shi da tsanani da rashin son wasa a wurin aiki. Yana cikin waɗanda suka tsaya aka kafa ƙungiyar bincike ta Kaiser Wilhelm a 1911, wadda ta zama ƙungiyar Max Planck bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, yana cikin masana da marubuta 93 da suka sa hannu a wata sanarwa a watan Oktoban 1914, wadda ta kare sojojin Jamus ta kuma musanta ta'asar da aka zarge su da ita a Beljiyam. Wannan tabo ne a tarihinsa, kuma ya ɓata tsakaninsa da abokan aiki na ƙasashen waje. Ya yi wa gwamnati aiki wajen samar da sinadaran da masana'antun yaƙi ke buƙata bayan an toshe wa Jamus hanyoyin ruwa, da kuma neman abin da zai maye gurbin abinci da mai da suka yi ƙaranci. Kafin yaƙin ya ƙare ya riga ya yanke ƙauna da shi.

Iyali da mutuwa

A 1888 ya auri Agnes Gerlach, 'yar Joseph von Gerlach, farfesan ilimin sassan jiki a Erlangen. Ta mutu a 1895, ta bar masa 'ya'ya maza uku, bai kuma sake aure ba. Biyu daga cikinsu sun mutu a lokacin yaƙi: Walter ya kashe kansa a 1916 bayan ya yi fama da taɓin hankali, Alfred kuma zazzaɓin taifus ya kashe shi a Romaniya a 1917, inda yake aikin asibitin soja.

Lafiyar Fischer ta daɗe tana taɓarɓarewa, da ciwon ciki da na fata da ake dangantawa da fenilhaidrazin. A 1919 likitoci suka gano yana da ciwon daji a hanji wanda ba ya yiwuwa a yi masa aiki. Ya kashe kansa a ranar 15 ga Yuli, 1919, yana da shekara 66, aka binne shi a Wannsee da ke gefen Berlin. Tarihin rayuwarsa da ya fara rubutawa bai kammala ba, an buga shi a 1922. Babban ɗansa Hermann Otto Laurenz Fischer, wanda aka haifa a 1888 ya mutu a 1960, ya ci gaba da binciken sukari da maiƙo, ya zama farfesa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, kuma a can ne takardun mahaifinsa suke ajiye.